Daren da muka kai cigiyar ɗan yayata caji ofis

Washegarin ƙaramar Sallah ne, ranar da Sarki ke hawa, ɗan yayata mai shekara 4 ya bi yaran unguwa kallon dawaki. Wanda ya san birnin Katsina a irin wannan rana ya san yadda jama'a ke cika tun daga Ƙofar Soro har titunan da ayarin ke bi. Yaran suka dawo bayan la'asar, babu shi. Kafin magariba mun zagaye maƙwabta, mun leƙa rijiyoyi da kwalbatoci da kangwaye, an yi cigiya a lasifikar masallaci. Da aka sallame isha'i na ɗauki Yaya a babur, mijinta na biye da mu, muka nufi caji ofis.

Abin da aka fara gaya mana a kantar ofishin shi ne mu koma gida, sai yaro ya cika awa 24 ba a gan shi ba sannan a karɓi rahoto. Yaya ta durƙusa tana cewa, "Ranka ya daɗe, ko sunan unguwarmu bai iya faɗi daidai ba." Kofur ɗin bai ɗago kai ba. Na fita na buga wa wani lauya maƙwabcinmu waya, shi ya ce kada mu motsa daga wurin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu, cewa ta yi wanda ya san wani da ke ƙarƙashin kulawarsa ya ɓata ya sanar da 'yan sanda cikin awa 24. Mai kai rahoto aka hana jinkiri, ba a ba kowa izinin korar uwa ba. Kuma jinkiri a Katsina babban haɗari ne, domin daga birni zuwa Jibiya tafiyar kamar awa ɗaya ce, daga can sai Maraɗi a Nijar, ta wajen Daura kuma ga iyakar Kongolam.

Sai da mai unguwarmu ya iso, ya nemi ganin sufeton da ke bakin aiki, sannan aka buɗe littafi aka rubuta sunan yaron da lokacin da muka zo. Tun ranar nake gaya wa kowa ya tafi da dattijon da ake jin kunyarsa, ya riƙe hoton yaron na kwanan nan, ya tuna kayan da ke jikinsa da duk wani tabo, kuma kada ya bar kanta sai ya ga an shigar da rahoton da idonsa.

Na ɗauka daga nan za a fita nema. Sajan da aka ba kes ɗin ya tambayi mijin Yaya matansa nawa, ya ce biyu. Shi ke nan, zance ya juya. Aka aika aka ɗauko amaryar cikin dare da goyonta, aka zaunar da ita a benci bayan kanta. Aka tambayi maigidan ko ana bin sa bashi, ko ya taɓa zuwa wurin boka, ko ya yi kuɗi kwanan nan. Yaya kuwa aka ce mata, "Ke wace irin uwa ce, ranar hawa ki saki yaro?" Matar da tun la'asar ko ruwa ba ta sha ba. Ta yi ta rantsuwa cewa abokiyar zamanta ita ma ta yi wa yaron wanka da safe, ba wanda ya rubuta wannan.

Ba na cewa kada a tambayi iyaye da mutanen gida. Dole a tambaye su. Ba mu manta Hanifa Abubakar ba, 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disambar 2021, wadda aka gano mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, shi ya ɗauke ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Sau da yawa wanda yaro ya sani shi ke iya jan hannunsa ya bi ba kuka. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tuhumar ta cinye neman gaba ɗaya. Duk tsawon daren ba a aika saƙo ga sauran ofisoshin gari ba, ba a tura kowa tasha ba, ba a sanar da shingayen bakin gari ba. Da na yi maganar a zagaya da mota aka ce babu mai, muka ba da kuɗin mai, motar ba ta tashi ba. Na san 'yan sandan sun wuni a rana suna tsare hawa, na kuma san ofisoshinsu ba su da kayan aiki. Amma oba-oba tana kan tebur, magana da ita ba ta cin ko sisi.

Da aka gama rubuta bayanin Yaya da Turanci aka miƙo mata ta dangwala yatsa. Na roƙi sajan, "Yallaɓai, a karanta mata da Hausa tukun." Ya harare ni, amma ya karanta, sai ga wurin da aka rubuta wai ta ce tana zargin kishiyarta. Aka soke. Uwa a cikin wannan hali ba a barin ta ita kaɗai gaban takarda.

Da gari ya waye muka raba kanmu. Wasu suka kai cigiya gidan rediyo, wasu suka bi tashoshi da asibitoci da gidajen masu unguwanni, ƙanena ya sa hoton a Facebook. Lambar wayata muka bayar, ba ta Yaya ba, kuma Allah ya sa haka muka yi, domin mayaudara sun yi ta kira, kowa na cewa yaron na hannunsa a turo kuɗi. Duk wanda ya kira sai na ce ya faɗi kalar takalminsa, abin da ba mu sa a sanarwa ba, sai ya kashe waya. Lauyan ya kuma tuna mana da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda tun 2022 ta haɗa hannu da kamfanin Meta wajen watsa hoton yaron da aka sace a Facebook da Instagram. Muna shirin neman su aka kira mu.

Wata mai tuyar ƙosai ce ta tsinci yaron yana barci gefen shago, can ɗaya ɓangaren gari. Ta kai shi wurin mai unguwarsu, shi kuma ya miƙa shi ofishin 'yan sandan yankinsu tun kafin isha'i. Wata 'yar sanda ta ba shi shayi da burodi, ta shimfiɗa masa zanenta, Allah ya saka mata da alheri. Wato lokacin da ake tsare amarya ana zagin uwa, yaron yana hannun 'yan sanda a cikin gari ɗaya. Na tuna iyayen Kano da aka gano yaransu 9 a Onitsha a 2019, wasu bayan shekaru, na rasa irin amsar da aka ba su a kanta daren farko.

Kafin a saki amaryar sai da aka karɓi kuɗin beli, alhali ga takarda manne a bango tana cewa beli kyauta ne. Bayan Sallah muka rubuta koke, mai unguwa ya raka mu wurin DPO. Ya saurare mu, ya ba Yaya haƙuri, ya sa aka mayar da kuɗin. Amaryar dai daga caji ofis gidan iyayenta ta wuce, domin zance ya riga ya zagaye unguwa cewa an kama ta da satar ɗan kishiya. Yaya da kanta ta je biko tare da gwaggonmu, mahaifin yarinyar ya ce a ba su lokaci.