Awon yashi da tsakuwa a haɗin kankare

Duk birkilan da ka tambaya zai ce maka 1:2:4 yake haɗawa: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Faɗar ba ta da wuya. A wurin awo ne ake samun matsala, shi ya sa mu da ke karɓar aikin zuba fila da linta da dakin (rufin kankare na bene) ba ma yarda a ƙirga da shebur.

Buhun siminti kilo 50 ne, cikinsa kamar lita 35, wato kwanon sarki biyu. Ke nan buhu ɗaya zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, a shafe bakin kwano, ban da tozo. Lebura in rana ta take yakan rage, in yana son aiki ya ƙare da wuri sai ya tula, kuma babu wanda zai gane da ido. Mun fi son kafinta ya buga mana akwatin katako mai faɗin santimita 30, tsawo 30, zurfi 39, wanda ke cin buhu ɗaya daidai. Baro kuwa kowanne da girmansa, sai an fara gwada shi da kwano.

Ƙasan fandisho 1:3:6 ya isa. Tankin ruwa da filar da za ta ɗauki bene mukan hau zuwa 1:1.5:3, sai dai in injiniya ya rubuta wani abu daban, to nasa za a bi. A 1:2:4, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tana cin buhu shida da ɗan ɗori. Wanda ya ce zai yi maka da huɗu, yashi zai sayar maka.

Yashin ma sai an duba shi kafin tifa ta juye. Na kankare shi ne mai kaushi, na kogi, ba na fulasta ba. A zuba shi rabin kwalba, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a bari awa uku. Laka za ta kwanta a sama. In ta doshi kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a mayar da motar, domin laka na hana siminti kama dutse. Sannan yashi mai danshi kumbura yake yi, har ya kan ƙaru da kusan kwata. Da damina kwano huɗu ba huɗu ba ne, sai a ɗan ƙara yashin a rage ruwa.

Tsakuwar dakin kada ta wuce milimita 20, in ba haka ba ta maƙale tsakanin rodi, a cire katako a tarar da ramuka kamar saƙar zuma.

Ruwa shi ne inda aka fi yin ɓarna. Jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi buhu. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi daɗin kwasa, amma ruwan da ya yi yawa yakan ƙafe ya bar ƙofofi, kankare ya yi rauni ya tsattsage. In kwaɓin ya yi tauri, a zungure shi sosai ko a sa injin girgiza. Bayan zubi a riƙa ban ruwa aƙalla kwana bakwai, da hunturu a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, don sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa.