Tiriyon Chopin, Op. 8: yadda za a hana piyano cinye biyolin

Chopin, marubucin kiɗa ɗan ƙasar Folan, bai kai shekara 20 ba lokacin da ya rubuta wannan kiɗa na mutum uku, wato piyano da biyolin (gogen Turawa) da celo (babban goge mai kaurin murya), tsakanin 1828 da 1829, yana ɗalibin Józef Elsner a Warso. Ya sadaukar da shi ga Yarima Antoni Radziwiłł, wanda shi kansa makaɗin celo ne. Kashi huɗu ne, kuma da ƙyar yake cin rabin awa. Amma ba a cika kaɗa shi ba, kuma dalilin na nan a hannun mai biyolin.

Biyolin na da tsirkiya huɗu: G, D, A, E. Kaifinta a kan E yake, wannan tsirkiyar kuwa Chopin kusan bai taɓa ta ba. Ya bar waƙar a ƙasa, daidai inda piyano ya fi kauri. Shi ma ya lura: a wasiƙar da ya aika wa abokinsa Tytus Woyciechowski a 1830, ya ce yana tunanin biyola, 'yar'uwar biyolin da ta ɗan fi ta girma da kaurin murya, za ta fi dacewa. Wasu ƙungiyoyi kan gwada hakan, kuma a kashi na uku, Adagio, wato wanda ake kaɗawa a hankali, biyolar tana zama daram kusa da celo.

In da biyolin za a yi, gyaran daga piyano yake farawa. Piyanon yau ya fi na zamanin Chopin nauyin murya, sautinsa kuma ya fi daɗewa kafin ya mutu. Kada a rufe murfin piyano, don rufewa dushe sautin kawai take yi, ƙarar na nan. A sassauta hannun hagu, musamman inda celo ke bin layi ɗaya da shi. A riƙa sauya feda, wato abin da mai piyano ke takawa don sauti ya daɗe, duk lokacin da jituwar sauti ta sauya, in ba haka ba gudun yatsun kashi na farko sai ya cakuɗe. Mai biyolin kuma ya ja baka a hankali, ya matso da shi kusa da jakin tsirkiya, ya bar nauyin hannu ya yi aikin. Dannawa da ƙarfi shaƙe tsirkiyar G take yi.

Kashi na ƙarshe na da ƙamshin rawar krakowiak ta Folan, kuma Allegretto aka rubuta, wato da matsakaicin sauri. Masu piyano sun cika gaggawa a nan. Da an ƙara sauri, ɗan tsallen da rawar ke yi a tsakiyar bugu sai ya ɓace.