Abin da tsohon injin Datsun 240Z ya koya mini

Makaniken da ya saba da motocin yanzu, in aka ajiye masa tsohuwar motar tsere irin Datsun 240Z, dole hannunsa ya sake koyon aiki. A motar yanzu abu na lalacewa ka kwance ka jefar, ka aika yaro kasuwa ya sayo wani. Wannan kuwa kamfanin Nissan ya fara fitar da ita ne a ƙarshen 1969, ita ce ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, kuma kayanta ba sa nan zube a shaguna. Abin da ka tarar a jikin injin shi ne jarinka. Ka ɓata shi, sai dai a jira na ƙasar waje, in ma an dace an samu.

Wadda aka kawo garejinmu ta daɗe a ajiye ƙarƙashin rumfa. Injinta L24 ne, silinda shida a jere, lita 2.4, gangar jikinsa ƙarfe, kansa kuma alminiyam. Tun daga nan na gane ba a yi wa su biyun wanka iri ɗaya. Soda mai ƙarfi da ke narkar da daskararren baƙin mai a jikin ƙarfe, cin alminiyam take yi, ta bar shi da dabbare-dabbare da ramuka. Kan injin sai kananzir da buroshin roba. Ragowar tsohon gasket ma, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangar jikinsa, da roba ake kankare shi, don ƙarzane ɗaya tsakanin hanyar ruwa da bakin silinda ya isa ya sa injin ya riƙa shan ruwa.

Inda na fi daɗewa shi ne kabireta. Guda biyu ne, ƙirar Hitachi a kan tsarin SU na Ingila. Kowace tana da ƙoƙo a sama, cikinsa fistin ne da iska ke ɗagawa, shi kuma ya janye wata siririyar allura daga ramin da fetur ke fitowa. Fetur ɗin da ya shekara a ciki ya bushe ya zama kamar ƙaro, ya liƙe fistin ɗin ƙam. A irin wannan wurin hannu yakan kai ga sanfefa da kansa. Maigidanmu ya hana ko kusantar da ita, kuma gaskiyarsa: ratar da ke tsakanin fistin da ƙoƙon aunanniya ce tun daga masana'anta, in ka goge ko kaɗan iska za ta riƙa silalewa, fistin ba zai ƙara tashi daidai ba har abada. Jiƙawa ake yi, a share da tsumma mai laushi, a sake jiƙawa. Fistin ɗin gaba kuma ba ya shiga ƙoƙon baya, kowane da abokinsa. Bayan an haɗa sai ka ɗaga shi da yatsa ka saki. In ya sauka sumul ya yi ƙas, aiki ya yi. In ya tsaya a hanya, allurar na gogar bakin ramin, ko ta lanƙwashe.

Wannan zancen kowane da abokinsa ya shafi injin gaba ɗaya. Bawul goma sha biyu, da ƙarafan da ke danna su, kowane ya yi shekaru yana gogayya da wuri ɗaya har sun saba. Kwali muka huda muka rubuta lamba, duk abin da ya fito ya shiga raminsa.

Masu mota sun fi son su ga murfin inji yana walƙiya, ban kuma ga laifinsu ba, sai dai dattin da ke kashe inji ba ya wurin. A saman wannan injin akwai wani siririn bututu mai ƙananan huji da ke fesa mai a kan kamshaf, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul. Mun tarar da rabin hujin a toshe da baƙar laka. Da siririyar waya muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muka hura iska, har kananzir ya fito ta kowane. Shi ya sa ba na yarda a fesa yashi don kankare datti a kan duk wani abu da mai ke bi ta cikinsa, komai kyan da zai yi, don ƙwayar yashin takan maƙale a lungu, sai mai ya yi zafi ta sauko ta cinye metal, wato ɓawon ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa. Ƙurar hunturu ma haka take, duk abin da aka wanke a leda yake kwana.

Cikin silinda kuwa, bayan an gama gyara shi, ruwan zafi da omo ne maganinsa, ba fetur ba. Ana wankewa ana gwadawa da farin ƙyalle har ya fito fes, sannan nan take a shafe shi da mai, domin tsatsa ba ta jiran ka je ka ci abinci ka dawo.