"Sista ce ta ce in yi" ba ta wanke ɗalibar jinya

Ɗalibar jinya ba ta da lasisi. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda doka mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa, tana shigar da sunan ɗalibai cikin rajistarta tun farkon karatu, amma lasisin aiki sai an ci jarrabawarta ta ƙarshe. Don haka duk abin da ɗaliba ta taɓa a ɗakin majinyata, ƙarƙashin lasisin wata nas take taɓa shi. Wannan ne ke sa wasu su ɗauka in abu ya ɓaci sista ce kaɗai za a tuhuma. Sista za ta amsa dalilin da ya sa ta ba ki aikin, da ko ta tsaya a kanki. Ke kuma za ki amsa abin da hannunki ya aikata, a gaban makaranta, in ta yi tsanani har kotu. Maza ɗalibai ma haka abin yake a kansu.

An fi samun matsala wajen bayar da magani, kuma tun daga tantance majinyaci ake fara kuskure. A ɗakin mata guda za ki iya tarar da A'isha uku. Kada ki dogara da lambar gado, domin ana sauya wa mutane gado da dare ba tare da an gyara komai ba. Kada kuma ki tambaya "Ke ce A'isha?", mai jin jiki za ta ɗaga kai kawai. Ki ce ta faɗi sunanta da bakinta. Wata ba za ta ambaci sunan mijinta ba saboda alkunya, to sai ki haɗa lambar katinta da wadda ke jikin folda.

Sai lissafi. Abin da likita ya rubuta, a raba shi da abin da ke cikin kwalba, a ninka da yawan ruwan kwalbar. Jentamisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yakan zo miligiram 80 cikin mililita 2. In an rubuta miligiram 60, mililita 1.5 za ki zuƙa, ba duka kwalbar ba, kuma maganin nan in ya yi yawa yana taɓa ƙoda da ji. Ƙarin ruwa ma lissafi ne: leda mai mililita 500 da aka ce ta ƙare cikin awa 4, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ɗigo 42 ke nan a minti. A duba jikin ledar igiyar, don akwai mai ɗigo 15, akwai ta yara mai 60. Ki ƙirga da agogo. Ruwan da ya zuba da sauri a jikin ƙaramin yaro ko mai ciwon zuciya yana taruwa a huhu.

Kada ki yi allurar da ba ki ga lokacin da aka zuƙe ta ba, ko wa ya miƙo miki sirinjin. Fotasiyam ba a tura shi kai tsaye cikin jijiya, sai an gauraya shi da ruwa ya shiga a hankali, in ba haka ba zuciya na iya tsayawa nan take. Mai jijjigar haihuwa da ke kan maganiziyam salfet kuwa, kafin allurar giram 5 da ake maimaitawa duk bayan awa 4, dole a buga gwiwa a ga ƙafa ta zabura, a ƙirga numfashi, a auna fitsari ya kai kimanin mililita 30 a awa. In ɗaya ya gaza, a dakata a kira na gaba, kalsiyam gulukonet kuma, makarin maganin, ya kasance kusa. Ɗalibar da ta ce "Ranki ya daɗe, ban taɓa yi ba, ki tsaya a kaina" ta fi wadda ta karɓa don gudun a ce ba ta iya ba. Wasu sistocin za su haɗe rai, gaskiya ne. Haɗe ran sista yana wucewa kafin a tashi aiki.

Rubutu a folda shi ne shaidarki, kuma shi ne zai iya kama ki. A aikin dare, gadaje sun yi yawa, ma'aikata kaɗan, sai a ga an cike takardar awo da lambobi iri ɗaya daga sama har ƙasa, bugun zuciya 80, numfashi 20. Wannan ƙarya ce, kuma tana kisa, domin macen da ke zubar da jini ta ciki bayan tiyata bugun zuciyarta ne ke fara hawa tun kafin awon jininta ya faɗi. In ba ki auna ba, ki bar gurbin ki faɗa. Ba a sa hannu kafin a ba da magani, ba a sa wa ƙawa hannu. In kin yi kuskuren rubutu, layi ɗaya za ki ja yadda za a iya karanta na ƙasa, ki rubuta daidai, ki sa hannu da lokaci, nas mai lasisi ta sa nata kusa da naki. Gogewa ko shafa farin ruwa yana sa a zargi takardar gaba ɗaya.

In kuskuren ya riga ya faru, majinyaci ne farko. A tsayar da ruwan ko maganin, a auna shi, a sanar da sistar da ke riƙe da ɗakin a take, ita ta kira likita. Ki ajiye kwalbar da sirinjin, kada ki jefar. Sannan ki rubuta abin da aka bayar, nawa, ƙarfe nawa, wa aka gaya wa, ba tare da kare kai ko ɗora wa wani ba, ki kuma sanar da malamarki ta makaranta. Yawancin kurakuran magani suna da gyara in an sani da wuri. Ɓoyewa ce ke cinye wannan lokacin.

Sirri kuma doka ce. Sashe na 26 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana fitar da bayanin majinyaci sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyaye ko waliyyi in yaro ne ko wanda ba zai iya ba da izini ba, ko inda yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Hoton ciwo a WhatsApp ya shiga ciki ko da an rufe fuska, haka ma hira a cikin adaidaita sahu. Miji ko suruka za su tare ki a baranda su ce "'Yata, me gwajin ya nuna?" Ki gaishe su da ladabi, ki ce ba hurumin ɗaliba ba ne, ki raka su wurin sista.