Kafin ku sayo wa ƙungiya allon harbi mai juyawa

Na yi shekaru ina zaune a jihar Teksas ta Amurka, kuma ina cikin wata ƙaramar ƙungiyar wasan harbi da ke da fili a bayan gari. A shekarar da aka ɗora mini kula da kayan fili, matasanmu suka nemi a samo musu allon ƙarfe mai juyawa, domin sun gaji da harbin takarda wadda sai an tsayar da kowa an je an duba kafin a san inda harsashi ya faɗa. Na karɓi kuɗin daga ma'aji, na yi sayayyar ni kaɗai, kuma abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa nake rubuta wa ƙannena da ke shiga irin waɗannan ƙungiyoyi, domin wata rana za a miƙa wa ɗayanku wannan aiki.

Abin da na so shi ne wanda ake kira tauraron Teksas. Hannuwa biyar ne da suka fito daga cibiya ɗaya, kowane hannu da faranti a bakinsa, yawanci mai faɗin inci 8. Yana tsaye cik matuƙar farantan sun cika, amma da zarar ka kaɓe ɗaya sai nauyi ya rinjayi gefe guda, tauraron ya fara juyawa yana lilo, sauran huɗun kuma sai ka bi su da harbi suna motsi. Da na ga farashinsa a wurin masu ƙera shi, sai na ce ai ƙarfe ƙarfe ne, na kai hoton wurin wani mai walda ya yi mini kamarsa a kan kuɗin da bai kai rabi ba. Ya yi aiki mai kyan gani, ya shafe shi da farin fenti, ni kuwa ban tambaye shi irin ƙarfen da ya yanka ba.

Ƙarfen gini ne na yau da kullum, wanda taurinsa a ma'aunin Brinell, wanda da shi ake auna taurin ƙarfe, bai wuce 120 zuwa 160 ba. Allon harbi na gaskiya da ƙarfen AR500 ake yin sa, wanda taurinsa ya kai kusan 500, irin wanda ake shimfiɗa wa bayan tifa da cokalin katafila saboda ya jure gurzar duwatsu. Idan harsashin dalma ya daki faranti mai tauri kuma mai santsi, tarwatsewa yake yi, ɓarɓashinsa ya bazu gefe da gefe kusan daidai da fuskar farantin, shi ya sa za ka ga wani dogon layi ya fito a ƙasa a ƙarƙashin allon bayan yinin harbi. Idan kuwa ƙarfen mai laushi ne, kowane harsashi rami yake bari, ramin nan kuma kamar ƙoƙo yake: harsashi na gaba da ya faɗa cikinsa zai bi lanƙwasar ya komo inda ya fito.

A Asabar ta uku da fara amfani da shi, wani saurayi yana tsaye a layin harbi, sai na ga ya sauke bindigarsa ya dafe kumatu. Guntun jan ƙarfen da ke lulluɓe harsashi ne, bai kai girman ƙwayar shinkafa ba, ya kafe masa a ƙasa da tabarau kaɗan. Da aka tsayar da harbi na je na shafa farantan da yatsa, sai na ji su duk gurbi-gurbi, ɗaya ma ya fara lotsawa ta tsakiya kamar kasko. Fentin da nake sake fesawa kowane mako shi ya ɓoye mini ramukan. Saurayin ya warke, amma har yau ina tuna tazarar da ke tsakanin wurin da guntun ya shiga da idonsa, kuma ni ne na kawo allon.

Saboda haka tambayarku ta farko ga mai sayarwa ita ce irin ƙarfen, kuma ku nemi ya rubuta muku amsar a takardar ciniki. Ta biyu ita ce yadda aka yanka shi da yadda aka maƙala shi. Taurin AR500 daga gashi da sanyayawa yake samuwa a masana'anta, kuma zafin walda ko na wutar yanka yana kashe wannan tauri a kewayen wurin da ya taɓa. Farantin da aka yanka da hasken lesa ko da matsin ruwa ya fi riƙe taurin bakinsa, wanda kuma aka yi wa walda a bayansa daidai inda harsashi ke duka zai fara lalacewa daga nan. Ku duba fuskar farantin da kyau. Duk kan noti mai kusurwa ko ƙugiyar da ta fito gaba wuri ne da zai karkatar da ɓarɓashi, don haka a fi son ƙusa mai zagayayyen kai, kuma sifirin da ke riƙe farantin ya kasance a ɓoye a baya.

Kauri kuwa ya danganta da abin da za a harba. Inci 3/8, wato kusan milimita 9.5, shi ne abin da aka fi amfani da shi ga ƙananan bindigogi irin su mai harsashi mai faɗin milimita 9. A nan na sake yin kuskure, ta ɗaya gefen. Bayan abin da ya faru sai tsoro ya sa na sayi wani allon na daban, irin mai faranti biyu sama da ƙasa wanda ake duka bi da bi har ya kifa ya zagaya, na kuma zaɓi mafi kauri da na samu, inci 1/2, wanda aka yi domin dogayen bindigogi. Yawancin matasanmu da ƙaramin harsashin .22 suke koyo saboda araharsa da rashin girgizarsa, sai ga shi suna dukan farantin daidai amma da ƙyar yake motsi. Ko masu milimita 9 sai sun zazzage harsasai da yawa kafin ya kifa sau ɗaya. Cikin wata guda aka daina kula shi, ya zauna a rumfa. Da na fara zama da littafin rajistar fili na ƙirga irin bindigogin da mutane ke zuwa da su, da ban kashe wannan kuɗi ba.

Akwai abin da ya keɓanta da allo mai juyawa wanda ban gane ba sai daga baya. Allon da ke rataye a tsaye ana karkatar da shi ƙasa da kimanin digiri 20 domin ɓarɓashi ya nufi turɓaya. Mai faranti biyun nan kuwa kusurwarsa canzawa take yi a kowane lilo, wani lokaci fuskarsa na kallon sama a daidai lokacin da harsashi ya iso. Tauraron shi kuma yana watsa ɓarɓashi ta kowace fuska a kewayensa, har sama. Wannan ya sa wurin da za a kafa shi yake da muhimmanci kamar allon kansa: a matsar da shi kusa da tudun ƙasar da ke tare harsasai, a tabbata akwai tudu a gefe biyu, kada kuma a jera shi kafaɗa da kafaɗa da wani kaya mai daraja. Ƙungiyar IPSC mai shirya gasar harbi ta duniya, wadda aka kafa a 1976, ta hana harbin ƙarfe da ƙaramar bindiga a ƙasa da mita 7, da doguwar bindiga kuma a ƙasa da mita 50. Masu ƙerawa da yawa sun fi wannan tsanani, suna cewa yadi 10 ga ƙaramar bindiga, yadi 100 ga doguwa. Mu yanzu na masu ƙerawa muke bi, mun kuma kafa turaku a layin domin kada wani ya matsa gaba cikin zafin gasa.

Ko AR500 ɗin ma yana da iyaka, kuma gudu ne ke cin sa fiye da nauyi. Harsashin da ya iso da gudun da ya haura ƙafa 3,000 a daƙiƙa yana iya tona shi, shi ya sa siririn harsashin doguwar bindiga na 5.56 daga kusa ya fi kakkauran harsashin ƙaramar bindiga na .45 ɓarna. Harsashi mai koren kai, wato M855, yana da ƙarfe a cikinsa, ba a yarda da shi a kan faranti ba sam. Mun rataye mayen ƙarfe a bakin rumfa, duk harsashin da tsininsa ya manne masa ba ya shiga layin, domin bayan ɓata allo, irin wannan yana tayar da tartsatsi, ciyawar Teksas kuma a lokacin zafi ba ta buƙatar fiye da haka.

Ku tambayi ko ana sayar da faranti da sifirin da boris ɗai-ɗai, domin su ne ke fara gajiya, kuma ku ɗaga allon ku ji nauyinsa, tunda mutum biyu ne za su riƙa fito da shi suna mayarwa. Tauraron da muke da shi yanzu mu uku muka zaɓe shi, bayan mun je wata ƙungiyar mun harbi irinsa da bindigoginmu. Kowace Asabar kafin a fesa fenti nakan bi farantan biyar da yatsa, duk wanda na ji gurbi a fuskarsa a ranar ake cire shi, kuma babu wanda ke tsayawa a fili ba tabarau, ko da kallo ya zo yi.