Humrar gidan gado: daga wankin farce zuwa rufe kwalba

A Maiduguri akwai gidajen da ake gane humrarsu tun kafin a ga kwalbar. Sana'ar mata ce, uwa ta koya wa 'yarta, ita kuma ta koya wa tata, galibi a gidajen Barebari da Shuwa. Sunan ma daga Sudan ya zo, inda suke cewa khumra, ya biyo ta Chadi da tsohuwar hanyar alhazai. Irin waɗannan gidaje ba su da masana'anta. Tukunya ce da turmi da kasko, sai ma'aunin da ke kan mai haɗawa, wanda ba kasafai ake rubuta shi ba.

Masu sabon shiga sukan ɗauka yawan madarar turare ne ke sa humra ta yi kyau. A gidan gado kuwa farce ake fara dubawa. Farce murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, ana samun sa a gaɓar Bahar Maliya, 'yan Sudan na ce masa dufra. Ɗanyensa ƙarni yake yi kamar busasshen kifi, amma shi ne ke riƙe ƙamshi a jiki da tufa har kwana biyu ko uku.

Gyaransa ne aikin da ya fi cin rai. A jiƙa shi cikin ruwan zafi ya kwana, da safe a bi ɗaya bayan ɗaya da wuƙa a kankare ragowar naman da ya manne a cikinsa. A sake ruwa, a kuma wankewa har sai ruwan ya fita fes. Wanda ya yi gaggawa a nan, bayan wata guda humrarsa za ta fara tashin ƙarni, kuma babu turaren da zai rufe shi. Idan ya bushe sarai sai a soya shi cikin yashi mai tsabta a wuta kaɗan, ana juyawa, har ya kumbura ya yi ruwan zuma, ya riƙa karyewa a tsakanin yatsu. Ya wuce haka ya yi baƙi, to ƙauri ya shiga, zubarwa ya fi. Daga nan a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi.

Ga ma'aunin da mai farawa zai iya riƙewa: garin farce giram 50, garin sandal giram 50, mahlab (ƙwayar wani itace mai ƙamshi) cokali 2, miski kaɗan. A kwaɓa su da man sandaliyya, a turara kwaɓin a kan hayaƙin itacen sandal, sannan a zuba cikin kwalbar gilashi tare da turaren ruwa kimanin rabin lita da madarar da aka zaɓa. Madara uku ko huɗu sun isa. Wasu kan zuba goma, sai ƙamshin ya haɗe ya zama ba a gane komai, ga hawan kai.

Tsofaffin hannu da yawa ba sa rabuwa da Bint El Sudan, turaren mai da kamfanin W.J. Bush na Ingila ya fito da shi a 1920, wanda daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Ɗan kaɗan ake ɗigawa, don yana danne saura.

Sai jira. A rufe kwalbar ruf, a ajiye a wuri mai duhu, a riƙa girgizawa kullum a makon farko. Mako 2 shi ne mafi ƙaranci, wata 2 zuwa 3 ya fi. A nan ne ƙananan gidaje suke shan matsi lokacin bukukuwa, uwar amarya na son kaya jibi, humrar kuwa ba ta nuna ba. Wadda ba ta nuna ba tana da kaifi a hanci, kuma da an shafa take gudu.

Roba ba ta dace da ita ba, mai yana cin jikinta, warin ya koma cikin turaren. Ruwa ko ɗigo ne kada ya shiga, shi ke sa ta yi gajimare ta lalace. Garin da ya kwanta a gindin kwalba kuma ba datti ba ne. Idan humrar ta ƙare ana ƙara masa turare a sake rufewa, ko a zuba shi cikin haɗin turaren wuta.