Asabar, Mount Vernon

Yau dai mun cika wa Auta alkawari, mun je gidan gonar shugaban Amurka na farko, George Washington, da ke gaɓar kogin Potomac a jihar Virginia. Rana ta yi kyau, iska na kaɗawa daga ruwa. Gidan katako ne, amma an yi masa fenti haɗe da yashi har ka rantse dutse ne. Auta ta liƙe wa mabuɗin kurkukun Bastille na Paris da janar ɗin Faransa Lafayette ya aiko wa Washington a 1790, da ƙyar muka janye ta.

Daga kabarin Washington muka gangara cikin itatuwa zuwa maƙabartar bayi. Nan raina ya ɓaci. Kabarinsa da ginin bulo da ƙofar ƙarfe, su kuwa babu ko dutse guda mai ɗauke da sunan wanda ke kwance. Sai a 1983 aka kafa ginshiƙin tunawa da ake gani yanzu.

Baban Auta ya ce, "Haba Hajiya, ai ya 'yanta su a wasiyyarsa."

Na ce, "Alhaji, mutum 317 ne ke bauta a nan lokacin da ya rasu a 1799. Nasa 123 kaɗai wasiyyar ta shafa, su ma sai bayan babu ransa. Mafi yawan sauran na dangin mijin matarsa Martha na farko ne, aka rarraba su cikin gado."

Ya ce zamaninsu ne. Na ce su ma waɗanda suka nome masa alkamar ai a zamanin suke, kuma sun san abin da ake yi musu.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Sambo Anderson, kafinta, haifaffen Afirka, da tsage a fuskarsa. Sambo fa, sunan ƙanen mahaifina! An 'yanta shi a 1801, matarsa da 'ya'yansa kuwa suka ci gaba da bauta. Yaya mutum zai ji daɗin 'yanci irin wannan? Na ɗaga hannu na yi wa na kwance addu'a, Alhaji ma ya shafa tare da ni.

Cunkoso a hanyar dawowa. La'asar a gefen titi. Yaya ta kira daga Zariya, ban iya ba ta labarin ba, na ce sai gobe. Har yanzu ban taɓa tuwon ba.